Shekarar da Na Zagi Kakannin Mateyo

Nafisa, Abdul-Aziz, Maryama, kun taso kun same ni ina buɗe takardun da ke zuwa gida ina karantawa da kaina, don haka kuna tsammanin haka nake tun asali. Ba haka ba ne. Ranar da aka zo ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, babana ya ɓoye ni cikin rumbu har mutanen suka tafi. Na yi karatun allo gwargwadon abin da zan yi salla da shi, amma baƙaƙen boko sai da na haura shekara arba'in, a nan Greensboro, kana na fara haɗa su. Ba labarin koyon karatun zan ba ku a wannan babi ba. Zan ba ku labarin wani abu da na faɗa a cikin ajin, da abin da ya jawo mini, domin kun ji gutsattsarinsa a bakin mutane, kuma na fi so ku ji shi a bakina.

A lokacin muna zaune a Glenwood, a ƙaramin gidan nan mai farin fenti da Nafisa kaɗai za ta iya tunawa. Ina aikin yankan ciyawa a gidajen Sedgefield, waɗanda ke kewaye da filin golf. Abokin aikina wani mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, sunansa Mateyo, daga Gwatemala. Shekara huɗu yana tsayawa a ƙofar gidanmu da a-kori-kurarsa kowace safiya ya ɗauke ni. Shi ya koya mini wasa wuƙar inji, shi ke tsaya mini in na ja gefe zan yi azahar, ni kuma nake ɗaukar masa kaya masu nauyi saboda ciwon bayansa. Turancinmu na aiki ne, guntu-guntu, amma ya ishe mu har da zolaya. Ina kiransa Malam Mateyo, shi kuma yana kirana Don Isuhu, yadda ake girmama mutum da Sifaniyanci. Mu 'yan Nijar duk wanda ya fito daga ƙasashen da ke kudu da Amirka Amigo muke ce masa, ba mu bambanta su, kamar yadda su ma Afirka kawai suke ce mana. Nakan ji shi yana waya da matarsa da wani harshe mai fitowa daga maƙogwaro, har yana da sautuka irin namu na Hausa, amma na ɗauka Sifaniyancin ƙauye ne. Ban taɓa tambaya ba. Shi ne kuma ya fara jin labarin ajin manya da ake yi ranar Asabar da safe a cikin gari, kusa da tashar bas, ya ce mu je tare, in kunya za ta kashe mu ta kashe mu a rana ɗaya.

A shekararmu ta biyu malamarmu, wata dattijuwa mai haƙuri da muke kira Mis Karol, ta kawo wani siririn littafi mai hotuna a kan mutanen Maya na dā. Mako shida muna cikinsa, shafi biyu kowace Asabar. Ban taɓa jin sunansu ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, sun kama mini zuciya. Mutane ne da ba su da ƙarfe, ba su da jaki ko raƙumi, amma suka gina birane a tsakiyar kurmi, da dogayen gine-ginen dutse masu matakala har sama. Suka haƙa tafkuna suna tare ruwan damina don rani, abin da duk ɗan Arewa ya san darajarsa. Suna da sarakuna da manoma da fatake da masu rubutu. Suna ƙirga da ashirin-ashirin, ɗigo ɗaya ne, sanda biyar ce, kuma sun san sifiri tun wasu manyan ƙasashe ba su san shi ba. Suna da lissafin kwanaki iri biyu, ɗaya na rana mai kwana ɗari uku da sittin da biyar, ɗaya na ibada mai kwana ɗari biyu da sittin, kuma suna bin tafiyar tauraruwa Zara har su faɗi lokacin da za ta ɓuya da lokacin da za ta sake fitowa. Suna rubutu a kan dutse da kan ɓawon itace, amma da Turawan Sifen suka zo suka ƙone littattafan, 'yan kaɗan suka tsira. Ni da nake gumi a kan baƙi ashirin da shida, sai in zauna ina kallon hoton rubutunsu, kowace alama kamar ƙaramar fuska, in ce wane irin kai Allah ya ba waɗannan bayi.

Amma akwai shafukan da nake saurin juyawa. Suna da alloli da yawa, na ruwan sama da na masara da na rana. Sun ce da ƙullun masara aka yi mutum. Sarakunansu na huda jikinsu su zubar da jini don allolin, wani lokaci har a yanka fursunan yaƙi. In na dawo gida ba na ajiye littafin kusa da Alƙur'ani, a saman firij nake sa shi, in kife shi. Duk makonnin nan Mateyo na gefena bai ce uffan ba. Yakan daɗe yana kallon hoto, ya bi shi da yatsa, ya juya.

A shafin ƙarshe aka ce manyan biranen sun watse, kurmi ya rufe su, kuma masana na ganin fari ne da yaƙe-yaƙe da gajiyar ƙasa. Mis Karol ta tambaye mu me muke gani. A shekara biyu ban taɓa ɗaga hannu ba, ranar na ɗaga, domin a karon farko na ji na san abin da littafi bai sani ba. Na miƙe na ba su labarin Adawa da Samudawa yadda nake ji a wa'azi tun ina yaro, mutanen da suka sassaƙa gidaje a duwatsu, suka yi girman kai, suka bauta wa gumaka, Allah ya share su. Na ce waɗannan ma haka ne, ba fari ba ne, fushin Allah ne, shi ya sa ba a bar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Da ɗan Turancina na faɗe shi, ina jin daɗin kaina, har ina jiran a yaba.

Mateyo ya rufe littafinsa. Ya sa fensirinsa a aljihun riga, ya miƙe, ya dube ni, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ba a share mu ba, Don Isuhu. Ni ne nake ɗauko ka kullum da safe."

Ya fita. Mis Karol ta yi ta bayani a hankali cewa biranen ne suka watse ba mutanen ba, jikokinsu na nan da yawa suna magana da harsunansu, kuma laifinta ne da ba ta faɗa tun farko ba. Ban ji rabin abin da ta ce ba. Na tsaya a tashar bas har bas biyu suka wuce ni.

Ranar Litinin a-kori-kurar ba ta zo ba. Da na isa wurin aiki a makare, na tarar ya roƙi mai gidanmu na aiki ya mayar da shi wata ƙungiyar ma'aikata. Asabar ta zo, kujerarsa ba kowa. Wannan ya fi komai damuna, domin na san yadda ya yi fama kafin ya iya rubuta sunan 'yarsa, kuma ga shi na kore shi da bakina. Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba. Na kasa cin abinci. Mamarku ta zuba mini ido kwana biyu, ranar na uku ta ajiye kwanon tuwo a gabana ta zauna, na faɗa mata duka. Da na gama sai ta ce:

"Malam, kai da kakanka Baro ke yanka baƙin bunsuru a gindin dutse, kai ne za ka tashi a gaban jama'a ka halaka kakannin wani?"

A nan dole in gyara muku wani abu. Na sha gaya muku kakana malami ne. Ƙarya ce. Kakana Baro azne ne, bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba har ya mutu. Shi ke buɗe wa ƙauyenmu damina, ya yi yanka a gindin dutse, ya faɗa wa mutane yadda shekara za ta kasance da ranar da za su fara shuka. Babana ne ya musulunta, ya hana a ambaci wannan a gidansa. Mamarku 'yar ƙauyen da ke kusa da namu ce, ta sani, shekara ashirin ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba sai ranar. Kakan nan shi ya goya ni, shi ke ɓoye mini ɗanwake a hularsa. Ban taɓa zama na tambayi kaina ba ko shi ma yana cikin waɗanda na ce an share.

Na yi abin da aka saba yi a gida. Wanda ya yi laifi ba ya zuwa shi kaɗai, yakan nemi babba ya yi masa baki. Na je wurin Alhaji Idi, wanda ya sauke ni a ɗakinsa wata uku lokacin da na zo ƙasar nan, ya samo mini aikina na farko, ya raɗa wa biyu daga cikinku suna. Ya ce maganar da na faɗa ba laifi a cikinta, wurin faɗarta ne bai dace ba, amma zai raka ni saboda haƙƙin maƙwabtaka. Muka sayi goro da katan ɗin lemo, ya sa babbar riga, muka tafi da la'asar ranar Talata. Gidan Mateyo titi biyar ne daga namu, kuma ban taɓa shiga ba sai ranar. Ya tarbe mu a baranda. Alhaji ya yi ta magana mai daɗi, ni ina zaune kaina a ƙasa yadda ya kamata. Mateyo ya saurara har ƙarshe, yana juya goro ɗaya a hannu bai san abin da ake yi da shi ba. Daga nan ya tambaya me ya sa wannan dattijo ke ba shi haƙuri, alhali bai yi masa komai ba. Ya lanƙwasa yatsunsa yana ƙirga wani abu a ransa, sannan ya ce yau ba rana ba ce. A wurinsu kwanaki ashirin ne ke zagayawa, kowace rana da sunanta da aikinta, kuma akwai guda ta neman gafara. Ta wuce da kwana shida, sai nan da kwana sha huɗu za ta dawo.

"Ka zo ranar. Kai kaɗai, da bakinka."

A mota Alhaji bai tayar da inji ba sai da ya gama magana. Ya ce wannan duba ne, ba shi da bambanci da bugun ƙasa, kuma Musulmin da ya bar mai duba ya zaɓar masa rana ya sa sallarsa cikin haɗari. Ya ce in je ana gobe ranar, ko in je kashegari, ko in je kowace rana ta Allah, ban da wannan.

"Isuhu, ni na kawo ka garin nan. In ka je ranar da ya ce, kada ka sake kirana in yi maka baki a wani wuri."

Kwana sha huɗun nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. A wurin aiki aka haɗa ni da mutanen da ba mu saba ba, sau biyu ina hawa kan bututun ban ruwa da inji saboda hankalina ba ya jikina. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Nakan hango Mateyo can ƙetaren filin golf yana jan buhun taki shi kaɗai, yana dafe baya, in rasa inda zan sa idona. Mamarku ta ce in maƙwabci Kirista ya ce kada in zo masa ranar Lahadi sai Litinin, ai ban shiga coci ba don na bi maganarsa. Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce to ni na yi ɓarnar, ba ni zan zaɓi lokacin da za a buɗe mini ƙofa ba. Na san tana da gaskiya, amma ba wannan ne tsorona ba. Da na tabbata a raina cewa rana rana ce kawai, da na tafi ba wata damuwa. Abin da ke tsorata ni shi ne ni jikan Baro ne. Na ga ya faɗi ranar shuka ruwa ya zo. Akwai wani lungu a zuciyata da bai taɓa daina jin cewa wasu ranaku na da nauyi ba, kuma ina tsoron in na je, wannan lungun ne ya kai ni. Na yi ta roƙon Allah ya duba niyyata, tunda ni na kasa ganinta sosai.

Ana saura kwana ɗaya, na sa takalmi da yamma don in je a ranar da Alhaji ya yarda da ita. Na kai har kusurwar titinsu na tsaya. Sai na ga cewa in na ƙwanƙwasa ƙofar yau, zan sake gaya masa abin da na gaya masa a aji ne, cewa abin da kakanninsa suka bar masa ƙazanta ne da ba zan taka ba, sai dai wannan karon da ƙafata zan faɗa. Na juya gida. Kashegari, bayan na tashi aiki, na yi la'asar, na ce wa Ubangijina ba rana nake girmamawa ba, mutum nake girmamawa, in kuma akwai wani abu a ƙasan wannan ya yafe mini. Na tafi.

Ya kai ni bayan gida. A ɗan filin da bai fi tabarma huɗu ba ya shuka masara, wake na hawa jikinta, kabewa na yaɗo a ƙasa, kamar yadda muke haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. A kusurwa akwai kyandir na ci a kan wani faffaɗan dutse. Na ce masa ba zan durƙusa wa wannan ba. Ya ce ba wanda ya ce in durƙusa, na babansa ne. Muka zauna a kan bokitai. Na ba shi haƙuri da bakina, ba ado, na ce na faɗi abin da ban sani ba a kan mutanen da ban sani ba, kuma shekara huɗu ina shiga motarsa ban taɓa tambayarsa shi wane ne ba. Sannan ya ba ni labari. Yana da shekara bakwai sojoji suka zo ƙauyensu a kan duwatsu, suka ƙone gidaje da rumbunan masara, suka tafi da babansa, wanda shi ne mai riƙe wa ƙauyen lissafin kwanaki. Ba a sake ganinsa ba. Bayan haka aka yi ta gaya musu su suka jawo wa kansu. A makaranta ana dukansu in sun yi harshensu, ya gudu, shi ya sa ya girma bai iya karatu ba. Yana zuwa coci ranar Lahadi, amma lissafin nan bai taɓa barinsa ya ɓace masa ba ko na rana ɗaya, domin shi kaɗai ne abin babansa da wuta ba ta ci ba.

"Littafi na farko da na karanta sunanmu a ciki ya ce mun watse, na yi shiru don littafi ne. Sai kai, da nake raba abincina da kai, ka ce Allah ne ya yi."

Abin da kawai nake da shi mai nauyin da zan ajiye a gabansa shi ne Baro, sai na ba shi labarinsa, da dutsen, da bunsurun, da ƙaryar da nake yi wa 'ya'yana. Shi ne mutum na farko a Amirka da ya ji wannan daga bakina. Ya tambaye ni ko ruwan na zuwa in kakana ya yi yanka. Na ce wasu shekarun. Ya ɗan yi murmushi ya ce nasu ma haka. Matarsa ta kawo gurasar masara mai zafi muka ci. Da zan tafi na tambaye shi ko zai dawo aji. Ya ce a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye, daga nan zai gani.

Alhaji Idi ya cika maganarsa. Har yau yana amsa mini sallama, ba ya ƙari. Ya daina miƙo mini lasifika in tayar da iƙama, kuma kun san bai zo sunan Maryama ba. Wasu suka bi shi, aka yi shekara ana cewa Isuhu ya je wurin bokan Amigo. Kada ku riƙe shi a rai. Tsoro ya ji mini, kuma ni kaina na ji irinsa. Ban san wanda Allah zai ba gaskiya tsakaninmu ba, na dai san abin da na iya ɗauka da abin da na kasa.

Kwana huɗu na yi ina rubuta layi uku a kayena, littafin rubutuna na aji, ina gogewa har takardar ta huje. Ranar Asabar na shiga aji, kujerarsa ba kowa. Aka yi kwata, aka yi rabin awa. Na ce a raina ba zai zo ba, amma alkawari ba da kujera na yi shi ba, sai na nemi izinin Mis Karol na miƙe. Na karanta cewa mutanen Maya suna nan da ransu, cewa abin da na faɗa a kansu jahilcina ne, kuma ba ni ne mai sanin wanda Allah ya yi fushi da shi ba. Na yi tuntuɓe a kalmomin da ni na rubuta su. Da na ɗago kai na gan shi a tsaye a bakin ƙofa da kayan aiki a jikinsa, ban san tun yaushe ba. Bai ce ya yafe ba, kuma har yau bai taɓa furta wannan kalmar ba. Ya zagayo ya zauna, ya buɗe sabon littafin da aka raba lokacin da ba ya nan, ya daɗe yana kallon layin farko. Sai ya turo shi gabana ya ɗora yatsa a kan wata doguwar kalma.

"Don Isuhu, wannan me ta ce?"

Na duba, na sake dubawa. Ni ma ban sani ba. Muka ɗaga hannu mu biyu.